Mai Daka a Cikin Rumbu

Kakata ba ta iya tatsuniyar dariya ba, ko kuma ta iya ta ƙi yi, Allah Shi ne masani. Sauran yaran unguwarmu a Dakoro kan zo lakkol, wato makarantar boko, da safe suna ƙyaƙyata labarin yadda zomo ya yi wa kura wayo, ni kuwa in zo da jajayen idanu ina hamma, don na kwana ina sauraron motsin zana. A bakinta na ji labarin rijiyar da ke kiran mutum da muryar uwarsa, da na matafiyin da ya kwana a kango, ya tashi da safe ya tarar sawun ƙananan ƙafafu ya kewaye tabarmarsa. Innata takan ce mata, "Kaka, yaran ga za su yi hitsarin kwance." Sai ta ce, "Su yi. Tabarma na bushewa."

Sunanta Hassu, amma duk gidan Kaka muke ce mata, har da Inna da take surukarta. 'Yar guntuwar tsohuwa ce, idonta ɗaya ya yi fari, haƙoranta sun ƙare, goro sai ta goga shi a jikin marfin gwangwani mai huji kafin ta zuba a baki. In an ci tuwo an yi isha'i, takan kifa tsohon turmi kusa da murhu ta zauna, mu kuma mu taru, da mu da 'ya'yan maƙwabta, kowa na ture ɗan'uwansa don kada ya zama shi ne na ƙarshe ta wajen duhu. Ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Takan tura kara cikin wuta ta ce, "Ga wata tahe, ba takalmi." Mu ce, "Ta shigo ta zamna." Daga nan ko tari babu mai yi. Ina son zaman nan ƙwarai, ina kuma tsoronsa, har yau ban iya raba biyun ba.

Babana Issufu shi ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san nauyin wannan. Ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta duban fuskarsa ta yi masa magana. "Mai gidan nan" take ce masa, in ranta ya ɓaci kuma "wancan". In tana son a gyara mata jinkar ɗaki ni za ta aika, ko da yana tsaye inda yake jin duk abin da take faɗa mini. Yanzu 'yan birni na dariyar wannan al'ada, ni ma na yi dariyarta da nake budurwa ina ji da boko. A wancan zamani ba abin dariya ba ce. Macen da ta tsaya ta yi wa ɗan farinta faɗa ido da ido, za a ce ta zubar da kunya, shi kuma ba zai ƙara ɗaga kai a cikin maza ba.

Baba manomi ne da aka san da zamansa. Gonarsa tana ta hanyar Sabon Maci, a tsakar gidanmu kuma akwai babban rumbun laka wanda ake hango jinkarsa tun daga kan hanya. In makiyaya sun gangaro daga arewa neman hatsi, gidanmu ake nuna musu. Yadda ake yi a wajenmu, in an gama kaka maigida zai cika babban rumbu, ya hau ya yaɓe bakinsa da laka, ba za a ƙara taɓa shi ba sai ruwan farko ya sauka, lokacin da ma'aikatan gona ke bukatar ƙarfi. Da rani gida na rayuwa ne da ƙananan rumbuna da abin da mata suka samu a 'yan gonakinsu. Fasa babban rumbu kafin damina alama ce ta gidan da ya kasa.

Ina da shekara tara ko goma aka yi shekarar da ruwan sama ya ɗauke, hatsi na tsaka da fitar da kai. Ciyawa ba ta fito ba a arewa. Fulani da Buzaye suka kwararo Dakoro da dabbobin da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa, suna ba da saniya a kan hatsin da a shekarar lafiya ko akuya ba zai saya ba. Baba ya ga arha ya shiga. Ya yi ta musanyar tsohon hatsi da shanu, ya ɗaure su a bayan gida, yana cewa in damina ta dawo za a ga wanda ya yi lissafi. Shanun suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ungulaye suka saba da katangarmu. Mutane suka ce Issufu dai ba ya jin komai, babban rumbunsa na nan cike. Ai da idonsu suka ga jakuna na shigo da dammuna da rana tsaka, suka ga ya hau ya yaɓe bakin rumbun da hannunsa.

Kafin sanyi ya wuce ƙananan rumbunan sun ƙare. Muka koma ganyen jiga da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar da ruwa, an dafa an sake zubarwa, kafin su shiga baki. Manya suka rame. Ƙanwata Dije kuwa, wadda aka yaye ba shiri don nonon Inna ya ƙafe, ita kumbura ta yi. Ƙafafunta suka yi suntum, in ka danna da yatsa gurbin ya zauna. Gashinta ya koma ja, yana zuba a kan zanen goyo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ta daina kuka. Takan zauna inda aka ajiye ta, ƙuda na yawo a gefen bakinta, ba ta ko kore shi.

A gidan likita an buɗe wani wuri da ake ba irin yaran nan kunu, ana kuma raba ɗan tsaba ga gidajen da ba su da komai. Na ji Inna da kunnena tana roƙon Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, ka bari in kai ta."

"Gidan da ke da rumbu shi bi layi da ƙwarya? A ce mi a gari?"

"To, a hwasa rumbun mana. Ko dami guda."

"Sai ruwa ya sabka," in ji shi. Ya ɗauki butarsa ya fita.

Masu roƙo su zo ƙofar gida, amsar ke nan. Gari ya ɗauka cewa Issufu marowaci ne na ƙarshe, yana zaune a kan hatsi 'yarsa na mutuwa. Maƙwabciyarmu Ramatu, matar wani Buzu mai suna Agali da raƙumansa suka ƙare ya zauna a gari, a da ita da Inna ba a jin kansu. Tana da awaki biyu da suka rage, ɗaya na ba da nono. Ta daina shigowa gidanmu. An ce ta faɗa a bakin rijiya cewa ba za ta hana 'ya'yanta nono ta kai gidan masu rumbu ba. Ban ga laifinta ba. Ni kaina a kwanakin nan na tsani ubana, in ya wuce sai in kau da kai.

Yaran unguwa sun daina zuwa tatsuniya, yunwa ba ta barin yaro ya zauna jiran labari. Kaka ma ta daɗe ba ta kifa turminta ba. Wani dare bayan isha'i, tukunyar anza na kan wuta, Inna na zaune da Dije a cinya, Baba kuma na bayan zanar da ta raba turakarsa da tsakar gida, a kan buzunsa, muna jin ƙarar tasbaharsa. Sai Kaka ta jawo turmin ta kifa. Ban da Dije, ni kaɗai ce yarinya a wurin, amma ta ɗaga murya kamar tana yi wa unguwa duka.

"Ga wata tahe, ba takalmi."

Na ce, "Ta shigo ta zamna."

Ta ce an yi wani mutum mai babban rumbu da babban suna. Wata shekara yana dawowa daga gona da yamma, sai ya ga wata mace na biye da shi, doguwa, ramammiya, fatarta ta manne da ƙashi, ta ɗauko turmi a ka da taɓarya a hannu. Ya yi sauri, ta yi sauri. Ya tsaya, ta tsaya. Ta ce masa ita baƙuwa ce, a bana gidansa aka ba ta masauki, kuma ba a korar ta a hanya. Mutumin ya dube ta, ya tuna maƙwabta, ya ce a ransa in aka ga wannan a tsakar gidana sunana ya ƙare. Sai ya shigo da ita ta bayan gida, ya sa ta cikin rumbu da turminta, ya yaɓe bakin, ya wanke hannunsa ya tafi masallaci.

"Da magariba," in ji Kaka, "sai anka ji daka. Dum. Dum. Dum." Tana faɗa tana buga gindin turmin da take kai da dunduniya. "Turmin ba komi ciki, ɗiyata. Amma duk bugu guda, sai tsoka guda ta bar jikin wani a gidan."

Maƙwabta na jin dakan ta kan katanga, suna cewa ji su can, suna daka hatsinsu suna ci su kaɗai. Babu wanda ya leƙo, babu wanda ya aiko da ko ƙwaryar dusa. 'Yar autar gidan kan je ta kara kunne a jikin rumbu ta ce, Baba, akwai mai daka a ciki. Ya ce iska ce. Rumbu ya tsage, ya kwaɓa laka ya toshe. Ya ƙara tsagewa, ya ƙara toshewa. Aka fita da 'yar autar a cikin tabarma. Aka fita da yayyenta. Aka fita da uwarsu. Duk ranar jana'iza mutumin na sanye da farar riga wankakkiya, ana cewa kai, wane akwai ƙarfin hali. Ranar da ya rage shi kaɗai, dakan ya tsaya. Shirun ya fi ƙarfinsa, ya hau ya fasa bakin rumbun ya leƙa. Ga matar zaune ta yi ƙiba, tana sheƙi, a cikin turmin kuma ga duwatsun wuyan 'yarsa.

Kaka ta sassauta murya a nan, ta yi muryar matar, wata irin murya mai sanyi da ladabi wadda har yau in na tuna ta tsigar jikina ke tashi.

"Sannu da ɗawainiya, maigida. Na sabka gidaje da yawa, ban taɓa samun mai masauki irinka ba. Da ka bar ni a tsakar gida, da maƙwabta sun gan ni sun taru sun kore ni. Ni baƙuwa ce. Kai ka maishe ni 'yar gida."

Ba ta rufe tatsuniyar da abin da ake rufewa ba. Ta tashi ta shige ɗakinta. Na lura ƙarar tasbahar Baba ta tsaya, ban san tun yaushe ba. Daren nan na kasa fita ko bakin ƙofa, don rumbunmu na tsaye a tsakar gida baƙi ƙirin, kuma na rantse ina jin daka.

Washegari ta sake yin ta. Jibi ma haka. Kaka da ba ta taɓa maimaita tatsuniya a wata guda ba, ta kama wannan ta ƙi saki. Kullum kuma sai 'yar autar cikin labarin ta ɗan canza. Yau an ce ƙafafunta sun kumbura. Gobe an ce gashinta ya yi ja. Ranar da ta ce yarinyar ta daina kuka, Inna ta rufe fuska da gefen zanenta, kafaɗunta na rawa. Sai muka ji muryar Baba daga bayan zana, a dishe.

"Rakiya."

"Na'am, Baba."

"Ce ma kakarki ta sake wata tatsuniya."

Na juya wajen Kaka. Ba ta jira na isar da saƙon ba. Idonta mai gani na kan wuta ta ce, "Ce ma mai gidan nan ita ɗai ta rage mini." Ta ci gaba daga inda ta tsaya, har zuwa duwatsun wuya a cikin turmi.

Da safe rana ta ɗaga, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya, Baba ya fita ya yi sallama da Agali ya ce ya ara masa tsani, kuma ya zo ya riƙe masa. Ya bar ƙofar gida a buɗe. Mutane suka ga an jingina tsani a rumbun Issufu, kafin ka ce me ƙofar ta cika, wasu har da ƙorai a hannu. Ya hau ya ture jinkar, ya fasa lakar da gatari, ya shiga. Sai dami ya faɗo ƙasa. Ban manta ƙararsa ba, don bai yi ƙara ba. Ya sauka kamar an jefo tsohuwar tabarma. Agali ya sunkuya ya zaro zangarniya ɗaya ya murza a tafin hannunsa, ya hura, babu ko ƙwaya. Kawunan hatsin bana ne da ba su yi ido ba, Baba ya ɗaure su dami-dami ya kawo gida don a gani. Tsohon hatsin duk ya tafi wajen shanu. Ya yi ta jefo su har tsakar gidan ta cika da ƙaiƙayi. Da ya sauko, fuskarsa da gemunsa fari fat, bai dubi kowa ba sai Inna.

"Ɗauke ta ki kai ta likita," ya ce.

Inna ta saɓa Dije a baya ta fita da gudu ba ko mayafi. Kafin azahar Ramatu ta shigo da nonon akuya a 'yar ƙwarya, tana kuka tana cewa Inna ta yafe mata. Wata ta kawo dusa, wani ya aiko da ɗan wake da bai cika tafi biyu ba. Mutanen da su ma ba su da shi. Aka sa gidanmu cikin masu karɓar tsaba. Dije ta yi makonni tsakanin rai da mutuwa, sannan wata rana ta tsala kuka don an ɗauke mata cokali, Inna ta yi ta dariya da hawaye. Tana nan da ranta, tana sayar da atamfa a Maradi, ta fi ni jiki, ta fi ni baki, ba ta tuna komai.

Baba kuwa bai warke ba. Babu wanda ya yi masa gori, wannan zan iya shaida. Da ma gorin aka yi masa, wataƙila da ya samu abin faɗa da shi. Tausayi aka yi masa. A masallaci ana matsa masa wuri ana yi masa sannu kamar mai jinya. Makiyayan da a da ke durƙusa masa su wuce ƙofarmu su gaishe shi da taushin murya. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina zama a ƙofar gida. Ya jira har Dije ta tsaya da ƙafafunta. Sai ya ce zai gangara kudu neman aiki kafin damina, ya shiga wata babbar mota mai ɗaukar fatu. Damina ta zo, ta yi kyau, gonarsa ta kwana ba shuka sai abin da Inna da ƙannenta suka iya. Sau ɗaya wani ɗan garinmu ya ce ya gan shi yana dako a wata tasha a Najeriya, da ya kira sunansa sai ya juya ya shige cikin mutane. Daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Kaka ta ci gaba da yi wa yara tatsuniya bayan yunwa ta wuce, da rijiyarta da kangonta. Ta mai daka dai ba ta ƙara yi ba, ni ma ban taɓa roƙo ba.

Na yi karatu, Allah Ya taimake ni na kai jami'a a Yamai, na karanci adabi. A shekara ta biyu aka ba mu littattafan wata Baturiya da ta rasu tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu. Duk labaranta a tsofaffin gidajen dutse suke faruwa, masu ɗakunan da aka kulle aka jefar da makulli, da nishi a bayan bango, da maigida mai kwarjini da ba a yi masa tambaya. 'Yan ajinmu suka yi ta tsaki, suna cewa ga mu da matsalolin gaske an kawo mana fatalwar Turawa. Ni kuwa na karanta shafi kaɗan na ajiye littafin. Ban san dusar ƙanƙara ba, ban taɓa ganin gidan dutse mai hawa ba, amma na san gidan nan. Na san yadda ake tafiya a hankali a tsakar gidan da kowa ya san akwai abu a rufe, kowa kuma ya san ba a faɗa.

Malaminmu ya bayyana mana cewa masanan zamaninta sun raina ta, suna ganin aikinta abin tsorata matan da ba su da aikin yi ne, sai daga baya aka gane darajarta. A ƙasarsu ma a lokacin akwai abubuwan da mace ba ta isa ta dubi uba ko miji ta faɗa ba, ko da gidan na cin wuta. Sai ta ɗauki abin da ba ya faɗuwa ta ba shi jiki, ta ba shi ƙafafu da murya, ta sa shi yawo a bayan bango har mai karatu ya kasa barci. Wanda zai toshe kunne in an yi masa wa'azi, ba ya iya toshe shi in ana ba shi labari, don yana son ya ji ƙarshe. Wannan duk na yarda da shi, kuma shi nake koya wa ɗalibaina yau a lise, wato babbar sakandare, in sun fara nasu tsakin. Nakan ce musu su daina neman fatalwar, su dubi wanda ke riƙe da makulli, su tambayi kansu wa ke ramewa a gidan.

Inda na saɓa da malamin nan, Allah Ya jiƙansa, shi ne yadda yake maganar kamar abu ne mai daɗi. A wajensa labarin tsoro magani ne, ka sha ka ji ɗaci ka warke, kowa ya tashi lafiya. Yana faɗa yana murmushi, da ganinsa ka san bai taɓa zama a gidan da aka yi irin labarin nan don wani na bayan zana ya ji ba. Irin wannan adabi in ya yi aikinsa ƙofa yake fasawa, kuma akwai mutum a jingine da ƙofar. Ban san abin da Baturiyar nan ta biya ba, littattafan tarihi ba su faɗa mini ba. Na dai san ba a yin irin rubutun nan kyauta.

A hutun shekarar nan na dawo Dakoro na tarar Kaka ta tsufa tukuf, ɗaya idon ma ya tafi, tana kwance yawancin yini. Wata rana da la'asar ina goga mata goro, na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina.

"Kaka, kin san rumbun nan ba komi ciki?"

Ta juyo da fuskarta wajen muryata. Sannan ta ce, "Ke dai boko bai ƙara miki wayo ba. Na ga jakunan da sunka kawo dammunan. Jakin da ya ɗauko hatsi ba ya tahiya haka, yana kaɗa kunne."

"To, mi ya hana ki aike ni in gaya mishi?"

"In aike ki ki ce mi? Ki ce ma ubanki uwarshi ta ce shi maƙaryaci ne?"

Na ci gaba da goga goron. Na ce, "Kin san in ya hwasa zai tahi?"

"Ni na haihe shi," ta ce. "Na sani tun daren hwarko." Ta miƙo hannu na zuba mata goron, ta riƙe bai kai baki ba. "Na auna, Rakiya. Kwana da kwanaki ina aunawa. Shi ya ci tuwon duniya shekara arba'in. Dije ko haƙoranta ba su gama hitowa ba."

Shekaru sun shuɗe tun ranar nan. Na kai shekarun da zan iya cewa ta yi daidai, ina kuma da 'ya'yan da suka sa na san abin da daidai ɗin ya ci mata. In ina tsaye gaban allo ina bayanin darajar masu rubuta labaran tsoro, kalmomin na fita sumul, ɗalibai na rubutawa, wani lokaci sai in ji kunyar sauƙin da suke fita da shi.

Bayan rasuwarta ne Inna ta gaya mini abin da ban sani ba, don ina makarantar kwana a yawancin shekarun. Tun daga ranar da Baba ya shiga motar nan, Kaka ba ta yarda an sa wa ƙofar gida sakata da dare ba. An yi mata maganar ɓarayi, an yi mata maganar karnuka, ta ce a bar ta haka. In Inna ta faki ido ta sa, sai ta ji tsohuwar ta taso tana lalube a jikin katanga, ta je ta zare, ta koma ta kwanta.